Miyar Gidan Sallau

Ranar da abin ya zo, bai yi sallama ba.
Laraba ce, bayan la'asar, a Kakuri,
Sallau na kan keke yana haɗa wuyan rigar wani ɗan makaranta,
sai ƙafar dama ta manta da feda.
Allura ta tsaya a tsakiyar yadi.
Ya ce, "Lantana, miƙo almakashi,"
maganar ta fito kamar an jiƙa ta a ruwa,
baki ya karkace gefe guda,
hannu ya sulale daga tebur kamar na aro.

Maƙwabta suka cika shago.
Wani ya ce iska ce,
wata ta ruga ɗauko garwashi da turare.
Autanmu Ilu ne ya tare Keke Napep a bakin titi,
ya ce asibiti, yanzu, ba sai an yi magariba ba.
Muka haye gada,
kogin Kaduna na wucewa ƙarƙashinmu hankali kwance,
ni ina riƙe da kan mijina a cinya.
Likita ya dubi agogo kafin ya dube ni.
Ya ce da mun tsaya jiran turare ya ƙone,
da wani zancen ake yi.

Hawan jini, in ji shi, kuma ya daɗe a gidanku.
Na ce ai ba mu taɓa ganinsa ba.
Ya ce haka yake,
ɓarawo ne mai cin tuwo da masu gida,
ba ya tari, takalminsa ba ya ƙara.

Sai na tuna katin da aka ba shi tun masaƙa na aiki,
da ƙwayoyin da ya sha na mako biyu,
ya ce ya ji garau, ya cusa sauran ƙarƙashin katifa.
Na tuna karan sigari a bayan shago.
Na tuna hannuna:
dunƙule huɗu a miyar kuka,
gishiri a kai, manja har yana iyo,
ni kuwa ina kiran wannan ƙauna.

Yanzu ƙaramin cokali ne ma'aunina,
shi ma ba na bari ya cika.
Daddawa ta dawo ɗakin da aka kore ta.
Zogale, rama, alayyafon lambun bakin kogi.
Daren farko ya ture kwano da hannun hagu,
ya ce, "Wannan miya lami ce."
Na ce, "Gara lami da likkafani."
Ya harare ni, sannan ya yi dariya da rabin baki,
ya jawo kwanon.

Ƙwayarsa tana kwana kusa da carbi,
in ya ɗauki wannan, ya ga wancan.
Bayan asuba mukan taka zuwa tsohon layin dogo,
shi da sanda, ni da haƙuri.
Ƙafar tana ja, tana rubutu a ƙasa,
rubutun da ni kaɗai na iya karantawa.
Da a falwaya ta biyu yake tsayawa.
Jiya ya kai ta bakwai.

Ran Asabar a kemis ɗin Jatau,
da aka gama ɗaure masa dantse,
sai ya ce, "A gwada ta ita ma."
Na miƙa hannu ina dariya.
Lamba ta hau, ta hau, dariyar ta sauka.
Ashe ɗaki biyu ɓarawon ya kama a gidan.

Rigar nan tana ƙarƙashin allura har yau.
Yaron ya girme ta,
amma Sallau ya hana a cire.
Ɗazu ina tsinke zogale a tsakar gida
na ji keken ya yi magana,
sau uku kacal, sannan shiru.
Ban leƙa ba.
Na ci gaba da tsinka, ina sauraro.